Magada Sun Ce Ko In Sayi Shagon Ko In Tashi Cikin Wata Guda

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da kayan wuta da na famfo. Shekara 9 ke nan ina haya a ɗaya daga cikin shaguna 6 da wani Alhaji ya fitar a gaban filinsa a bakin titi. Ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba, rasit kawai yaronsa yake ba ni. Bara na biya kuɗin shekara 2 a dunƙule ta banki saboda yana neman kuɗin asibiti, yanzu saura wata 14. Da izininsa na canza rufi, na sa ƙofar ƙarfe da tayil, na yi ɗan sito a baya. Wata 5 da suka wuce Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata 2 da 'ya'ya 9, maza 4 mata 5, biyu daga ciki ƙanana ne, iyayensa kuma sun daɗe da rasuwa. Har yanzu ba a raba gado ba. Makon jiya babban ɗansa ya zo da dillali ya ce za su sayar da shagon, ni aka fara yi wa tayi saboda mutunci, in ban saya ba akwai mai kuɗi a hannu, kuma in tashi cikin wata guda. Ya nuna min fotokwafin C of O, wato satifiket ɗin fili da gwamnati take bayarwa, mai sunan mahaifinsu, ya ce mai unguwa zai sa hannu ya buga hatimi. Suna so in kawo rabin kuɗi kafin alƙalami ranar Asabar. Sai na sayar da motata da rabin jarina kafin kuɗin su haɗu. Na kasa barci. In saya? In ban saya ba za su iya fitar da ni? Kuɗin gyarana fa?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ya shirya abin da ya bari.

Kada ka kai kuɗin nan ranar Asabar, kuma ka bar motarka inda take. Na sa wannan a gaba ne don ko wani uzuri ya hana ka ƙarasa karatu, ka riga ka samu abin da ya fi muhimmanci. Abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne ka ɗauki lamarin a juye. Kana ganin zamanka a shagon shi ne yake lilo, saye kuma shi ne tudun mun tsira. To a yadda ka ba ni labari, hayar da take hannunka ta fi cinikin da aka kawo maka ƙwari nesa ba kusa ba, kuma wa'adin wata gudan nan ba shi da ƙafar tsayuwa a gaban kowane alƙali.

Mu fara da hayar, tunda ita ta hana ka barci.

Mutuwar mai shago ba ta kashe haya. Alhaji ya karɓi kuɗin shekara 2, ya sallama maka amfanin wurin na tsawon wannan lokaci, kuma abin da mutum ya riga ya sallama da ransa ba ya dawowa cikin abin da za a gada. Magada sun gaji ginin, amma sun gaje shi da kai a ciki har watanninka 14 su cika. Dokar ƙasa haka ta tafi, fiƙihun da muka taso a kansa ma haka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda har gobe ake karantawa a zaurukanmu, ta faɗa a babin ciniki cewa haya ba ta warwarewa don mazaunin gida ya mutu, kuma malaman Malikiyya a kan haka suke game da mutuwar mai kadara. Sayarwa ma ba ta kashe ta. Ko gobe wannan mai kuɗi a hannu ya biya, sunan mai karɓar haya ne kawai zai canza. Wanda ya je sayen shago ya tarar da mutum a ciki da kantarsa da kayansa, doka tana ɗaukarsa wanda ya san da zaman mutumin. Ya kamata ya tambaya a kan wane sharaɗi yake zaune, in bai tambaya ba shi ya so.

Rashin rubutacciyar yarjejeniya bai mai da kai ɗan alfarma ba. Hayar da ba ta wuce shekara 3 ba tana ƙulluwa ko da baki aka yi ta, muddin an shiga wurin ana biya. Abin da takarda take yi shi ne sauƙaƙa shaida, kai kuwa kana da rasitai na shekara 9 da shaidar banki.

Shi kuma tashi yana da matakai. Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka daɗe a kanta, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, ita ce mai biya mako-mako a ba shi notis na kwana 7, mai biya wata-wata a ba shi wata 1, mai biya duk wata uku a ba shi wata 3, mai biya shekara-shekara kuma wata 6. Idan wannan ya cika bai fita ba, a sake ba shi takardar kwana 7 cewa za a je kotu. Sai a shigar da ƙara, a aiko masa da sammaci, alƙali ya ji kowane ɓangare, in ya yi umarni ma'aikatan kotu ne za su zo su zartar. Babu inda babban ɗa da dillali suka shigo a wannan jerin da maganar baki.

Sai dai in gaya maka inda kariyar take ƙarewa, don kada ka shantake. Idan kotu ta ɗauki biyan da ka yi bara a matsayin haya mai ƙayyadadden wa'adi na shekara 2, to ranar da ta cika ta ƙare da kanta, takardar kwana 7 kawai ta rage tsakaninka da kotu. Kuma zamanin da ɗan haya yake ɓoyewa a bayan kuskuren kwanan wata a notis yana jan shari'a shekara da shekaru yana wucewa. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar Pillars da Desbordes, ta nuna rashin jin daɗinta da wannan ɗabi'a ƙarara. Saboda haka ka ɗauki wata 14 ɗin nan a matsayin lokacin shiri.

Abin da na fi jiye maka shi ne a zo maka ta bayan kotu: a wayi gari ka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, ko a yanke maka wuta, ko a turo samari su fara cire kwano wai za a yi gyara. Duk wannan laifi ne a kan mai yi, ko da shi ne mai ginin, kuma kana iya neman diyya a kai. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta Legas kaca-kaca saboda ta tura jami'ai da makamai sun fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. In gwamna mai sojoji bai tsira da wannan ba, ina ga ɗan magaji. Idan aka yi maka haka kada ka fasa kwaɗon, kada ka ɗaga hannu. Ka ɗauki hoto, ka kira shaidu biyu, ka je wajen lauya a ranar. In kuma aka kai ka caji ofis a kan maganar, ka sani Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai saɓanin yarjejeniya. Aikin ɗan sanda a nan hana faɗa ne, ba shi zai ce wane ne zai zauna a shago ba.

A makon nan ka tattara rasitanka duka, ka ɗauke su hoto, ka kai asalin gida, kada su kwana a shagon. Ka je banki ka karɓi takardar shige da ficen asusunka ta watan da ka tura kuɗin, a buga mata hatimi. Yaron Alhajin nan da yake rubuta rasit shi ne babban shaidarka, ka same shi yanzu tun zuciyarsa tana tare da gaskiya, tun kafin ya zama yaron wani a cikin magada, ya rubuta da hannunsa cewa an biya har zuwa wata kaza kuma Alhaji ya yi izinin gyara. Ka kuma zauna da maƙwabtanka na sauran shaguna 5. Zan yi mamaki in kai kaɗai aka yi wa wannan tayin na mutunci.

Yanzu cinikin. A nan zan daɗe, don a nan ramin yake.

Tambayar farko a kowane cinikin ƙasa ita ce, wa yake sayarwa, kuma nasa ne? Ɗauki biro mu yi lissafi. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da basussuka da wasiyya in akwai, a kasa abin da ya rage kashi 104. Matan nan biyu suna da tumuni, wato kashi 13, su raba tsakaninsu. Saura 91. Maza 4 kowa rabo biyu, mata 5 kowa rabo ɗaya, ya zama rabo 13, kowane rabo kashi 7. Ɗa namiji 14, 'ya mace 7. Ka ga babban ɗan da ya zo maka da dillali yana da 14 cikin 104, kuma ko wannan 14 ɗin ba a ce a shagonka suka faɗa ba. Kafin rabo kowane magaji yana da haƙƙi a kowane bulo na ginin. Girman shekaru yana sa a ba shi wurin zama a gaba ranar sadakar uku, amma ba ya ba shi ikon sayar da rabon ƙanwarsa da take gidan miji a wani gari.

Zai ce maka ai duk sun yarda. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa, yau. Amma yardar da aka yi a tsakar gida watanni 5 bayan rasuwa, lokacin da kowa yake jin nauyin yaya, ba ita ce za ta tsaya ba bayan shekara 3 idan farashin wurin ya ninka kuma mijin wata ya fara tambayar ina rabon matarsa. Ga kuma ƙananan nan biyu. Yaro ba ya sallama dukiyarsa, uwarsa ma ba ta sallama masa haka kawai, sai wanda shari'a ta ɗora a kan dukiyar, bisa maslahar yaron, kuma mai hankali ba ya sayen kadarar maraya sai da takardar alƙali. Yaran nan za su girma. Ranar da ɗaya ya kai ƙara, ba dillali za a nema ba, wanda yake zaune a shagon za a kawo wa sammaci. Ban da shari'ar duniya ma, ka san abin da aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce game da masu cin dukiyar marayu, kuma ba na so kuɗin motarka su bi ta wannan hanya ko da ba da saninka ba.

Ko da rabonsa kaɗai ya ce zai sayar maka, akwai shufu'a. A fiƙihun Malikiyya, idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa a kadarar da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙin, ɗan haya ma ba shi da shi, amma 'yan'uwansa suna da shi a kanka. Sannan ka tuna dalilin da ya sa Alhaji ya nemi kuɗin shekara 2 a dunƙule. Mutumin da jinya ta kai shi ga karɓar haya tun kafin lokaci, ba abin mamaki ba ne a ce ya ci bashi a wani wurin, kuma masu bashi suna gaban magada.

Wannan ya kawo mu kan fotokwafin. Me ya sa fotokwafi? Ina asalin? Asalin C of O yakan kasance a ɗaya daga wurare uku: a akwatin mamaci, a hannun wani magaji da bai yarda da cinikin ba, ko a ma'ajiyar banki an jinginar. Biyu daga cikin ukun nan ba alheri ba ne gare ka. Kuma fotokwafi ɗaya yana iya sayar da shago ɗaya ga mutum uku a mako guda.

A ce ma asalin ya fito, mai kyau, babu jingina. Har yanzu da sauran rina a kaba, don takardar ta filin gaba ɗaya ce, kai kuma shago ɗaya cikin 6 za ka saya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda tsarin mulkin 1999 ya killace a sashe na 315 ta yadda ba a taɓa ta kamar sauran dokoki, ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da muke kira mallakar fili a birni, a idon doka haƙƙin zama ne na wasu shekaru da aka rubuta a jikin satifiket. Mu a Arewa ba baƙon abu ba ne, dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ma kusan haka ta tsara. Sashe na 22 na dokar ta 1978 ya ce mai wannan haƙƙi ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Sashe na 24 kuma kamar don kai aka rubuta shi: haƙƙin da gwamna ya bayar ba a tsaga shi gida biyu ko fiye saboda gado sai da amincewarsa. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi wa banki sukutum saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Banki ke nan mai lauyoyi a kan albashi.

Na sani, za ka ce rabin shagunan Kano da takardar ciniki da hatimin mai unguwa aka saye su, kuma masu su suna nan lafiya. Haka ne. Suna nan lafiya ne saboda babu wanda ya taso musu tukuna. Ban raina sa hannun mai unguwa ba, yana da amfani, shi ya san tarihin wuri, ya san wa ya gaji wa, kuma shaida ne cewa an yi ciniki an ba da kuɗi. Amma hatiminsa ba ya mai da rabon mutum 11 ya zama na mutum ɗaya, ba ya kuma canza sunan da yake cikin fayil a ma'aikatar ƙasa. Haka takardar wakilci da wasu suke karɓa a madadin takardar sayarwa don gudun kuɗin rajista. Izini ce ta yin abu a madadin wani, ita kaɗai ba ta mai da kai mai wuri. Rigima a kan filin da yake da satifiket ɗin gwamna kuma Babbar Kotu ake kai ta, kamar yadda sashe na 39 na Dokar Amfani da Filaye ya tanada, can kuwa abin da yake cikin rajista shi ake fara dubawa.

Akwai wani abu da kusan kowa yake mantawa. Ka ce Alhaji ya fitar da shagunan ne a gaban filinsa. An ba shi filin don gidan zama ne ko don kasuwanci? An nemi canjin amfani? KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince da zanen ginin? Shagunan suna cikin iyakar filin ko sun ci gefen titi? Mutane da yawa suna tura katanga gaba da 'yan ƙafafu su fitar da shago a kan abin da asalinsa hanya ce ko magudanar ruwa, kuma shekaru suna wucewa babu wanda ya ce uffan. Duk wanda yake Kano a watan Yunin 2023 ya ga yadda katafila ta bi ta kan shagunan Filin Idi, kuma da yawa daga masu su suna riƙe da takardu da suka fi fotokwafinka nauyi. Su sun samu abin da za su riƙe su je kotu. Idan gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28, diyyar da sashe na 29 ya yi magana a kanta ta gini ce da abin da aka kashe a wurin, kuma wanda sunansa yake kan takarda shi ake fara nema. Ɗan haya in aka yi rusau yana kwashe kayansa ya nemi wani wuri da jarinsa a hannu. Wanda ya zuba rabin jarinsa a bulo ba shi da wannan gatan.

Ban ce kada ka taɓa sayen shagon ba. Wurin da ka shekara 9, kwastomomi suka san ka da shi, masu gyaran famfo suka saba biyowa da safe, ya fi maka daraja a kan kowa, kuma in ya samu ta hanya mai kyau ina taya ka murna. Hanyar dai ba ta Asabar ba ce. Sai an raba gado a kotun shari'ar Musulunci an fitar da takarda mai nuna wa shagon ya faɗa wa, ko kuma kotu ta yi umarnin a sayar a raba kuɗi, ko dukkan magada sun sa hannu ɗaya bayan ɗaya tare da wanda kotu ta ɗora a kan rabon yaran. Ka ɗauki lauya naka na kanka, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, ya karɓi lambar fayil ya je KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye a Kano, ya yi bincike a hukumance: sunan wa yake ciki, akwai jingina, akwai wanda ya shigar da ƙorafi, ana bin harajin fili na shekara nawa, saura shekara nawa a wa'adin satifiket. Safiyo ya zo ya auna ya gwada da taswirar da take jikin takardar. A nemi izinin yanke shagon daga babban fili. Lauya ya rubuta takardar sayarwa, a biya kuɗin hatimin gwamnati, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. Ana iya ƙulla yarjejeniya kafin amincewar ta fito, kotuna sun yarda da haka, amma sai a rubuta cewa cikar ciniki ta rataya a kanta, kuɗi kuma a biya su kashi-kashi ta banki, kowane kashi bayan wani mataki ya tabbata. Kafin alƙalami na rabin kuɗi ba kafin alƙalami ba ne, cinikin biri a sama ne. Kuma in an zo yanke farashi, hayarka ta watannin da suka rage a cire ta daga ciki.

Kuɗin gyara kuwa, a nan ba ni da albishir mai yawa. Ƙa'idar doka ita ce abin da aka kafa a jikin ƙasa ya bi ƙasa. Rufi da tayil da sito sun zama na ginin, izinin Alhaji ya wanke ka daga laifin taɓa gininsa amma bai zama alkawarin biya ba, sai in ya ce a cire a haya kuma akwai wanda ya ji. Abin da ka sa don sana'arka kuma ana iya cire shi ba tare da lalata gini ba, irin kantoci da fankoki da sola da allon suna, naka ne, ka tafi da su ka gyara inda ƙusa ta huda. Ƙofar ƙarfe tana tsakiya, in tsohuwar tana nan a ajiye kana da bakin magana. Ka nemo rasitan kwano da siminti duk da haka. Ko ba su ci shari'a ba suna da amfani a zaman sulhu, musamman in aka zo sa wa shagon kuɗi da rufin da kai ka saya.

Shi babban ɗan, kada ka ɗauke shi abokin gaba. Mai yiwuwa ba macuci ba ne. Mutum ne da aka wayi gari gida mai mata 2 da yara 'yan makaranta ya faɗo masa a ka, ga masu bashi suna sallama, ga dillali yana raɗa masa cewa akwai hanya mai sauƙi. Dillali kuwa la'adarsa ranar biya take fita, ko cinikin ya rushe bayan shekara ba a ƙwace ta. Za ka ci gaba da zama da mutanen nan aƙalla wata 14, wataƙila shekaru, don haka kada ka fara da takardar lauya mai zafi. Ka nemi wani babba da gidan suke jin nauyinsa, baffansu ko limamin unguwa, ku je tare. Ka ce Alhaji uba ne a wajenka, kana son wurin, kuma saboda kana son ya yi albarka ne ba za ka saya ba sai an raba an fitar da haƙƙin marayu. Da wuya wani ya iya musa wannan a gaban baffansa. In abin ya ƙi, akwai gidan sulhu na Babbar Kotun Kano, inda ake zama a sasanta a rubuta ba tare da doguwar shari'a ba.

Kana da abin da za ka miƙa musu ma. Idan matsalarsu kuɗin hannu ce, ka ce a shirye kake ka ƙara hayar shekara 1 ko 2 a kan wadda take gudana, amma a rubuce wannan karon, da sa hannun wanda magada suka wakilta a takarda, kuɗin kuma su shiga inda duk suka amince. Kada ka ba mutum ɗaya ko sisi a hannu, don gobe sauran suna iya cewa ba su san zancen ba. A cikin takardar a faɗi wa'adi da ranar farawa da ta ƙarewa, da yadda za a yi ƙarin haya, da wa zai yi wane gyara, da tsawon notis, da cewa duk wanda shagon ya faɗa wa a rabo ko ya saya zai ɗauke shi da wannan yarjejeniya, da kuma cewa in za a sayar kai za a fara yi wa tayi a rubuce a ba ka wata 2 ko 3 ka amsa. In ka ga za ta haura shekara 3, lauya ya tsara ta a yi mata rajista. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta ma'amala ta sauka, don haka babu wanda zai ce ka yi rashin kunya don ka nemi a rubuta.

Dillalin zai kira ka daren Juma'a, zai ce mai kuɗin nan ya matsa, shi ne ma yake ta ba shi haƙuri saboda kai. Ka yi masa godiya, ka ce lauyanka yana jiran abu uku: lambar fayil, ganin asalin satifiket da ido, da takardar rabon gado daga kotu. Ka ce ranar da suka samu, ko da tsakar dare ne, ya kira ka.